Shaidar da Na Goge da Hannuna

Kafar siriyal ba ta maimaita magana. Na'urar da ke magana ta cikinta, sikeli ne, ko injin gwajin jini, ko na'urar GPS, harafi ɗaya bayan ɗaya take turowa a kan waya. Yawancinsu ba sa tambayar ko akwai mai saurare a ɗaya ɓangaren, ba sa kuma adana abin da suka faɗa. Kamar sanƙira ne ya ratsa unguwa yana shela: na ƙofar gida ya ji, wanda ya shiga wanka ya rasa, shi kuwa ya riga ya sha kwana. Saboda haka duk wanda ya ɗora manhajar da za ta riƙa rubuta abin da ke fitowa ta wannan kafa, aikinsa ya fi ƙarfin gyaran kwamfuta. Shi kaɗai ne ke tsakanin maganar da ɓacewarta.

Tsarin tsoho ne tukuf. A 1960 ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ake kira RS-232, tun zamanin injin buga telegiram da modem na farko. Kwamfutocin hannu sun daɗe da daina zuwa da kafar nan mai fil tara, amma ka shiga masana'anta ko ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ko wurin awon manyan motoci, za ka tarar tana nan daram. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: waya uku sun ishe ta, ɗaya ta aikawa, ɗaya ta karɓa, ɗaya ta ƙasa, kuma ba ta neman intanet.

Bayan da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, kamfanonin casar shinkafa suka bunƙasa a Kano da kewaye. Shanshera ta riƙa kwararowa daga Kura da Haɗeja da Kebbi, tireloli na layi a bakin ƙofa tun kafin asuba. A lokacin ne wani kamfani, wanda ba zan kama sunansa ba, ya kira ni. Suna da sikelin awon mota, akawu yana zaune a ɗan ɗaki mai taga ɗaya, yana duba lambar da ke jikin akwatin sikelin, ya rubuta a babban littafi, ya yanka wa mai kaya tikiti. Abin da Alhajin da ke da wurin yake so shi ne shaida ta biyu wadda ba ta bi ta hannun mutum ba. Ya ce ba wai yana zargin kowa ba ne, amma harkar kuɗi masu nauyi ce, kuma ranar da aka yi musu yana so a sami abin da za a buɗe kowa ya gani.

Ranar da na je haɗawa na sha wahala, kuma wahalar nan ce ta ruɗe ni daga baya. Kwamfutar ɗakin tsohuwa ce mai Windows 7, ƙaiƙayi ya cika fankarta, ba ta da kafar siriyal, don haka sai da adafta mai juya siriyal zuwa USB. Ta farko da na sayo a kasuwa ta ƙi tashi, kwamfuta tana nuna kuskure mai lamba 10. Jabu ce. A cikin kowace irin wannan adafta akwai ɗan guntun lantarki da ke yin fassarar, kuma sanannun masu ƙera shi ba su da yawa: FTDI na Sikotland, Prolific na Taiwan, Silicon Labs na Amurka, da WCH na Sin masu CH340. Masu jabu sun daɗe suna kwaikwayon na biyun farko, har ta kai a watan Oktoban 2014 FTDI ya saki wata manhaja ta hanyar sabuntawar Windows wadda in ta gano guntun jabu ne sai ta mayar da lambar shaidarsa sifili, kwamfuta ta daina gane shi. Aka yi ta hayaniya a duniyar masu haɗa na'urori, kamfanin ya janye ta. Mai saye a kasuwarmu dai ba ya da hanyar ganewa da ido, roba duk iri ɗaya ce.

Da na samo wata mai kyau, sai shiru, ba abin da ke fitowa. Na ɗauko mita na auna, na gano fil na 2 da na 3 suna bukatar a gicciye su, domin na'urorin biyu kowace tana magana ne a kan waya ɗaya, ba mai saurare. Na kwance, na sake liƙawa da dalma. Yanzu kuma sai wasu alamomi marasa kan gado suka cika allo, alamar gudun maganar bai zo ɗaya ba. Na gwada 2400, na gwada 4800, da na kai 9600 da bit takwas sai rubutu ya washe. Layi na bin layi, kowanne ya fara da ST ko US, wato nauyi ya tsaya ko yana rawa, sai GS mai nuna jimillar nauyin mota da kaya, sannan lambar da kilo. Na sa wani yaro ya hau kan sikelin, lamba ta motsa a jikin akwati, ta motsa a allo. Akawu ya ce, "Kai, Injiniya, sannu da aiki." Ni kuwa a raina na riga na gama.

Manhajar da na yi amfani da ita PuTTY ce, wadda wani ɗan Ingila, Simon Tatham, ya fara fitarwa a 1999. Kyauta ce, ƙarama ce, ba ta da nauyi, kuma tana iya rubuta duk abin da ya bayyana a tagarta cikin fayil. Na kunna wannan, na adana saitin, na sa ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Tun a nan akwai giɓi biyu da ban kula ba. Na farko, an yi ta ne don mutum ya zauna gabanta yana aiki, ba don a bar ta wata da watanni tana gadi ba. Na biyu, ba ta maƙala lokaci a jikin kowane layi. A saman fayil take rubuta ranar da sa'ar da aka buɗe shi, daga nan sai lambobi zalla. Tera Term, takwararta ta ƙasar Japan, tana da wannan zaɓin na sa lokaci a kowane layi, na kuma sani, amma PuTTY ce a filashina a ranar.

Ba a jima ba akawu ya kira ni a waya. "Injiniya, duk sanda na kunna sai wani akwati ya fito yana yi mini tambaya da Turanci. Ni kuma ga layin motoci." Tambayar mai ma'ana ce: ta tarar da tsohon fayil mai suna iri ɗaya, me za ta yi da shi? A cikin saitin akwai zaɓi uku a jere. Na sama, ta share tsohon ta fara sabo. Na tsakiya, ta ci gaba daga ƙarshensa. Na ƙasa, ta riƙa tambaya, kuma a kansa take zuwa. Na biya ta wurin a gurguje ina kan hanyar wani aikin, na danna na sama, na adana, na tafi.

Da in ce ban fahimci Turancin ba ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Na fahimta sarai. Lissafi na yi, kuma lissafin ba shi da laifi a karan kansa. Sikelin yana turo kamar layi goma a daƙiƙa, ko da mota ko babu. A yini da dare layi 864,000 ke nan. Excel, wadda da ita manajan kamfanin zai buɗe fayil ɗin, iyakarta layi 1,048,576, wato cikin sa'o'i ashirin da tara an cika ta. Sai na ce a raina gara kullum a fara sabo, da yamma akawu ya kwafe na ranar a filashi. Matsalar ita ce wannan tsari na kwafewa a cikin kaina kawai ya wanzu. Ban faɗa wa akawu ba, ban rubuta ba, ban ma bar masa filashin ba. Abin haushin, PuTTY tana da hanyar sa kwanan wata da lokaci a cikin sunan fayil ɗin kansa, yadda kowace kunnawa za ta haifi nata fayil daban. Haruffa kaɗan ne zan ƙara.

Sannan na yi lissafin ne da kwamfutar da ake kunnawa sau ɗaya da safe. A wurin kuwa, in an ɗauke wuta sai a tayar da inji, in an kawo a mayar, batirin UPS ɗin ɗakin ya daɗe da mutuwa. Duk sauyi sai kwamfuta ta mutu ta tashi, duk tashi kuma sai PuTTY ta bi umarnina ta share abin da ta tara. Akawu na ganin lambobi na gudu a allo, Alhaji in ya leƙo ya gani ya gyaɗa kai. Ba abin da ya yi ƙara, ba jan rubutu, ba gargaɗi. Ni ma na sha zuwa kamfanin don wasu gyare-gyare, in leƙa ta taga in ga layuka na tafiya in wuce. Ko sau ɗaya ban buɗe fayil ɗin na duba daga ina ya fara ba.

Ranar musu ta zo a tsakiyar kaka. Wani ɗan kasuwa da ya saba kawo musu kaya ya dawo da takardar wani sikeli da ya auna a hanya, ya ce tikitin da aka yanka masa a makon da ya wuce ya gaza da kusan tan guda. Irin wannan bambanci yana da ƙofofi da yawa. Shanshera mai danshi tana rage nauyi in ta kwana a rana. Tayar baya tana iya tsayawa rabi a kan sikeli rabi a ƙasa. Yaran mota na iya zama a sama lokacin awon mota ba kaya, su sauka lokacin awo da kaya. Sikelin can ma zai iya zama shi ne mai matsala. Kuma akawu zai iya rubuta abin da ba shi ya gani ba. Rajista mai lokaci da ta raba gardama, domin za a ga nauyi yana hawa yayin da tayoyi ke hawa ɗaya bayan ɗaya, a ga inda ya tsaya, da tsawon lokacin da ya tsaya, da ko lambar ta yi daidai da ta littafi.

Aka kira ni. Ofis cike, Alhaji, manaja, mai kayan da dillalinsa, akawu a tsaye a bakin ƙofa. Na buɗe fayil da ƙarfin gwiwa. Layin farko ya nuna ranar da muke ciki, ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna, lokacin da aka tayar da inji. Ba jiya, ba shekaranjiya, balle makon jiya.

Alhaji ya ce, "Injiniya, ina sauran?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yadda na bar ta tana rubuta komai. Sai dai in wani ya taɓa."

Share fayil kuskuren sana'a ne, kowa na yi. Wannan jimlar kuwa wani abu ne daban. A ɗakin awo mutum ɗaya ne ke riƙe da makulli, kuma kowa a ofis ɗin ya san haka. Ban kama suna ba, ban nuna kowa da yatsa ba, amma idanu suka koma bakin ƙofa. Mutumin da dama ake wa kallon ko ya tauye mudu, yanzu an ƙara masa da goge shaida. Ya buɗe baki ya ce shi ko linzamin kwamfutar ba ya taɓawa, ba wanda ya tanka masa. A lokacin da na faɗa ban tuna da dannawar nan ba, wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma ban tsaya na tuna ba, domin amsar da ta fitar da ni ita ce ta fara zuwa bakina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Alhaji ya raba asarar biyu da mai kayan don a rabu lafiya. Akawu kuma aka ce ya koma sito yana ƙirga buhuna kafin a bincika.

Da yamma bayan an watse na zauna da kwamfutar, niyyata in gano abin da aka taɓa. Na buɗe saitin da aka adana, ga ɗigon nan a kan zaɓin sama. Nan take na tuna ranar, har da inda na jingina babur. Na cire faifan kwamfutar na tafi da shi gida, ina fatan in tsamo abin da aka share tukuna, in ya so in haɗa ban haƙuri da kyakkyawan labari. Na bi shi da PhotoRec, manhajar da ke tono ragowar fayiloli daga faifai. Ta tono ɗin kuwa: tarin gutsattsarin layuka, ST da US da lambobi, dubbai a kan dubbai. Ba ko ɗaya mai rana ko sa'a. Tirelar mai tan talatin da ɗaya da na gani a ciki za ta iya zama ta mutumin, za ta iya zama ta kowa a cikin watan. A nan giɓi na biyu ya cim mini. Ko da ban taɓa share komai ba, abin da na ɗora ba zai tsaya a matsayin shaida ba.

Na ja kwanaki kafin in koma, kuma a kwanakin nan bawan Allah yana sito. Da na je na sami Alhaji na faɗa masa komai a gaban manaja, na roƙi a kira akawun. Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Da ka faɗi haka ran nan, da kuɗi kawai muka yi asara." Akawu ya ce, "Ba komai, Injiniya, ya wuce." An mayar da shi tagarsa. Muna gaisawa har yau, amma hirar da muke yi da can ba ta dawo ba. Mai kayan kuma ya koma kai shansherarsa wani kamfanin.

Na sake aikin daga tushe, ban karɓi ko sisi ba. Na ajiye PuTTY gefe, na kawo ƙaramar kwamfuta ta Raspberry Pi mai Linux, na rubuta ɗan gajeren shiri da Python da pySerial. Ba ya share komai, ƙari kawai yake yi. Kowace rana da fayil ɗinta mai ɗauke da kwanan wata. Kowane layi da lokacinsa har daƙiƙa. Ya daina kwasar sifilin da sikeli ke ta maimaitawa in ba mota; da nauyi ya fara hawa sai ya kama rubutu, har motar ta sauka, don haka fayil ɗin yini bai kai ya gagari Excel ba. Bayan kowane layi yana tilasta wa kwamfuta ta sauke shi kan faifai nan take, domin in ba haka ba takan riƙe rubutu a ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci, wuta na ɗaukewa ya tafi.

Sauran aikin duk na tarkuna ne da sai an faɗa ake sani. A Linux adafta takan fito da sunan ttyUSB0, amma in an zare an mayar tana iya komawa ttyUSB1, shiri ya yi ta sauraren ƙofar da ba kowa. Haka Windows ma take yi, COM3 ta yau ta zama COM5 don kawai an sauya ramin USB. Maganinsa a kira adaftar da lambar shaidarta, abin da ke bukatar guntu mai irin wannan lamba. Na FTDI suna da ita, yawancin CH340 ba su da ita. Akwai wata manhaja mai suna ModemManager da ke zuwa a wasu nau'o'in Linux, wadda da ta ga sabuwar kafar siriyal sai ta aika mata gaisuwar modem ta dagula layi, na cire ta. Masu Windows ma suna da nasu: in na'ura tana ta zuba bayanai lokacin da kwamfuta ke tashi, takan ɗauke ta a matsayin tsohon linzami, sai ka ga kibiya na tsalle a allo tana danne-danne ita kaɗai. Masu aiki da GPS sun san wannan sosai.

Agogo ya fi komai ba ni tsoro. Raspberry Pi na wancan lokacin ba ta da batirin agogo, in ta mutu ba intanet sai ta tashi da lokacin da ba shi ba, kuma rajista mai lokacin ƙarya ta fi marar lokaci haɗari, tunda ita za a yarda da ita. Na maƙala mata ɗan agogo na DS3231 mai batirinsa. Na sa systemd, mai kula da shirye-shirye a Linux, ya riƙa tayar da shirin duk lokacin da ya faɗi. Na kuma sa shirin ya riƙa rubuta layi ɗaya duk bayan minti biyar ko da ba mota, yana cewa yana nan kuma yana jin sikeli. Da wannan, in an ga giɓi a fayil an san na'ura ce ta mutu, an san daga yaushe zuwa yaushe, ba a ce wani ya goge ba. A gaban akawu akwai ɗan allo da ke nuna lokacin layi na ƙarshe da ya sauka a kan faifai, ba wanda ya wuce ta waya ba. In ya ga lokacin ya tsaya, ya kira ni.

Gwajin da na yi kafin in miƙa aikin shi ne wanda ya kamata in yi tun farko, kuma bai ci rabin sa'a ba. Mota na kan sikeli na zare wuta daga bango, na mayar. Na zare adafta na sa a wani ramin. Na kashe akwatin sikelin na kunna. Bayan kowanne na buɗe fayil a gaban manaja da akawu, muka duba tare ko abin da ya gabata yana nan. Washegari na dawo na buɗe na jiya, sannan na rubuta yadda ake komai a takarda ɗaya da Hausa, aka liƙa a bango.

Saura abu ɗaya da manajan ne ya tayar da shi, ba ni ba. Fayil ɗin rubutu ne kawai, duk mai kalmar sirri zai iya buɗewa ya sauya lamba, kuma mai kalmar sirrin ni ne. Ya faɗa cikin raha, amma yana da hujja. Yanzu kowane dare na'urar tana lissafa hatimin SHA-256 na fayil ɗin ranar, jerin haruffa da lambobi sittin da huɗu waɗanda ko ɗigo aka sauya a fayil sai sun canza gaba ɗaya, ta aika shi tare da kwafin fayil ɗin zuwa wayar Alhaji da ta manaja. Littafin akawu ma ba a daina ba. Duk ƙarshen mako manaja yana zaɓar tikiti biyar ko shida yadda ya ga dama, ya gwada su da littafi da rajista, ya sa hannu a gefen shafin.